Akwatin sitiyarin mota: yadda ake cire shi da yadda ake mayar da shi

Mota guda a ƙauye tana aikin mutane da yawa. Ita ke kai gero da wake da albasa kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Idan sitiyarinta ya ƙi bin hannun direba, duk wanda ke ciki yana cikin hatsari. Domin haka muka ga ya dace mu bayyana wannan aiki, ko da ba mu ne za mu riƙe sifana ba, mu san abin da makaniki yake yi mana.

Mene ne akwatin sitiyari?

Shi ne ƙarfen da ke karɓar juyin hannun direba, ya tura tayun gaba dama ko hagu. Iri biyu ne. Na farko doguwar sanda ce mai haƙora, wadda wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora yake turawa. Irinsa ke cikin Peugeot 504, motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, da yawancin ƙananan motoci. Na biyu akwati ne mai hannu guda da ke jan sanduna, kamar na tsofaffin Toyota Hilux da Land Cruiser. Bayaninmu a kan na farko yake.

Alamun lalacewa

Sitiyari yana wasa kafin tayu su motsa. Ana jin ƙwanƙwasa a gaban mota a kan hanya mai gargada. Mai yana ɗiga daga gefen sandar. Robar da ke rufe bakinta ta yage, rairayi ya shiga yana cin haƙoran. Amma kafin a kashe kuɗi, a duba iskar tayu, da man sitiyari, da gwiwoyin da ke haɗa sandar da tayu. Sau da yawa ciwon yana nan, kuma gyaransa ya fi sauƙi.

Shiri

A tsayar da mota a wuri mai tauri, wanda ba gangara ba. A miƙe tayun gaba sak, a ja birkin hannu, a tare tayun baya da duwatsu. A cire wayar batir ta ragi. A ɗaure sitiyari da igiya don kada ya juya. A mota mai jakar iska, akwai siririyar waya a bayan sitiyari wadda ke tsinkewa idan ya juya shi kaɗai.

A sassauta notocin tayu, a ɗaga mota da jak, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe ko manyan itace masu ƙwari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Tubalin siminti ma ba abin dogara ba ne, domin yakan farfashe ba zato.

Cirewa

1. A cire tayun gaba biyu.
2. A shafa fenti inda sandar sitiyari ta haɗu da akwatin, domin a gane mazauninta. Sannan a kwance notin wurin.
3. A zare ƴar ƙusar tsaro, a kwance notin gwiwar kowane gefe, a raba gwiwar da abin cire ta. Kada a doki zaren notin da guduma.
4. Idan motar mai aiki da man sitiyari ce, a tara kwano, a kwance bututu biyu, a toshe bakinsu saboda ƙura.
5. A kwance manyan notocin da ke riƙe akwatin, a zaro shi ta gefe a hankali.

Mayarwa

A jera sabo da tsoho a ƙasa, a gwada tsawonsu da ramukansu. Motocinmu na Nijar sitiyarinsu a hagu yake. Akwatin motar da ke da sitiyari a dama, irin ta Ingila ko Japan, ba zai yi ba, ko da sunan motar ɗaya ne.

Idan za a mayar da gwiwoyi a kan sabon, a ƙirga juyin da aka yi wajen kwance kowace, a mayar da ita da wannan adadi. Sai a kawo akwatin tsakiya: a juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe ana ƙirgawa, a dawo rabi. A sa shi a mazauninsa, a haɗa sandar sitiyari daidai da alamar fenti, a ɗaure kowane noti gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. A sa sabbin ƙusoshin tsaro. Ƙusar kafinta ko guntun waya ba su maye gurbinsu.

A haɗa bututu, a zuba irin man da aka rubuta a marfin ko a littafin. Man birki yana lalata robobin ciki, kada a zuba shi. Tun mota tana sama, a juya sitiyari dama da hagu sau da yawa, a ƙara mai. A mayar da batir, a tada inji, a sake juyawa har kumfa ta ɓace.

Bayan aiki

A sauke mota, a ɗaure tayu, a gwada ta a hankali a fili, ba kaya ba fasinja. Daga nan a kai ta garejin da ke daidaita tayun gaba da ma'auni. In ba a yi ba, mota za ta riƙa ja gefe, sabbin tayu su cinye kafin lokacinsu.

Ƙarfen sitiyari da ya tsage ko ya lanƙwashe canza shi ake yi. Walda da gashi da wuta suna raunana shi, ya karye ranar da mota ta fi cika. Tsohon mai kuwa a zuba shi a gwangwani mai marfi, nesa da rijiya da gona da yara, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Mu da muke shiga motocin kasuwa muna da haƙƙin yin magana. Idan mun ga direba yana kokawa da sitiyari a kan miƙaƙƙiyar hanya, mu gaya masa tun kafin a yi nisa. Allah ya kai kowa gida lafiya.