Abin da launin Kogin Nilu ke koyarwa game da haske da tsabtar ruwan sha

A Mugran, inda Shuɗin Nilu da Farin Nilu ke haɗuwa tsakanin Khartoum da Omdurman da Bahri, ruwan kogunan biyu kan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa na ɗan lokaci kafin ya gauraya, kowanne da launinsa. Bayanin wannan bambanci darasi ne na kimiyyar ƙaramar sakandare, amma yau ya shafi lafiyar jama'a. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, tashar ruwan Bahri ta tsaya, iyalai da dama suka koma ɗiban ruwa daga kogi da rijiyoyi. A watan Agustan 2024 hukumomin Sudan suka sanar da ɓarkewar kwalara, a watan Mayun 2025 kuma cutar ta tsananta a jihar Khartoum bayan hare-hare kan tashoshin lantarki sun katse ruwan famfo.

Farin haske ba launi ɗaya ba ne

Hasken rana na tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, yana isowa duniya cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Ido na ganinsa fari, amma a 1666 Isaac Newton ya ratsa shi ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Ƙarnuka kafin haka, Ibn al-Haytham, wanda ya rayu a Alƙahira, ya nuna a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ba ido ke fitar da shi ba.

Haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, dangin igiyar rediyo. Mai sauraren gajeren zango ya san mita 25 da mita 31. Wannan awon tsawon igiyar ne. Igiyar hasken da ido ke gani ƙarama ce matuƙa: daga nanomita 400 a ɓangaren shunayya da shuɗi zuwa 700 a ɓangaren ja. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Launin abu shi ne hasken da ya dawo wa ido bayan abun ya shanye sauran. Ganyen zogale kore ne domin yana shanye ja da shuɗi, ya maido kore.

Me ya sa kogunan suka bambanta?

Farin Nilu na fitowa daga Tafkin Victoria, ya ratsa fadamar Sudd a Sudan ta Kudu, ya bi ta madatsar Jabal Awliya. Tafiyarsa a hankali take, don haka yashi mai nauyi kan kwanta a hanya, ya bar lallausar laka mai haske da ke watsa dukkan launuka kusan daidai. Shi ya sa ruwan ke kama da toka-toka.

Shuɗin Nilu kuwa daga Tafkin Tana na Habasha yake gangarowa. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, yana kwaso baƙar ƙasar tsaunuka, wadda ke shanye shuɗin haske ta bar ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu. Sunan ma na iya ruɗar baƙo: a Larabcin Sudan, kalmar azraƙ na nufin abu mai duhu, ba shuɗi kaɗai ba.

Ƙa'idar ɗaya ce a sararin sama. Ƙwayoyin iska sun fi watsa gajeriyar igiya, shi ya sa sama ke shuɗi. Idan habub, guguwar ƙurar da Khartoum ta yi suna da ita, ta taso, ƙurar kan shanye shuɗi, gari ya yi ja. Mutanen Maradi da Katsina sun san makamancin haka a lokacin hazo.

Hasken da ido ba ya gani

A 1800 William Herschel ya gano cewa bayan ja akwai wani haske mai ɗumi da ba a gani, wato infared. Shekara guda bayan haka Johann Ritter ya gano wani a bayan shunayya, wato ultrabayolet ko UV. Igiyarsa ta fi gajarta, ƙarfinsa ya fi yawa. Shi ne ke ƙona fata da cutar da ido, shi ne kuma ke lalata ƙwayoyin cuta.

A shekarun 1980 Farfesa Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Beirut ya nuna cewa rana na iya tsabtace ruwan sha. Daga baya cibiyar Eawag ta Suwizalan ta inganta hanyar, aka sa mata suna SODIS. Ana zuba ruwa a wankakkiyar robar ruwa mai garai-garai, wadda ba ta wuce lita 2 ba, irin mai lamba 1 a gindinta. A rufe ta, a kwantar da ita a kan rufin kwano tsawon awa 6 cikin rana sosai. Idan hadari ya rufe sama, sai kwana 2 a jere. Hasken UV-A da zafin infared ne ke haɗuwa su kashe ƙwayoyin da ke kawo gudawa, har da na kwalara.

Inda laka ke ɓata aiki

A nan ne launin kogi ke da muhimmanci. Lakar da ke ba ruwa launi ita ce ke tare UV, ta zame wa ƙwayoyin cuta inuwa. Ruwan Shuɗin Nilu na watan Agusta ba zai tsabtatu ba in aka shanya shi yadda aka ɗebo shi. Gwajin mai sauƙi ne: a tsayar da robar a kan babban kanun jarida, a leƙa ta bakinta. In ba a iya karanta haruffan ta cikin ruwan ba, sai an tace shi tukuna.

Matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe da dabarar hakan. Sukan daka 'ya'yan zogale su zuba a randa, laka ta dunƙule ta kwanta. Masaniya Samia Al Azharia Jahn ta yi nazarin wannan al'ada a Sudan a shekarun 1970 da 1980. Zogale na share ruwa, amma bai isa ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta ba. Bayan ya kwanta sai a tsiyaye, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a shanya, ko a tafasa, ko a sa sinadarin kulorin.

Hanyar na da iyaka. Ba ta cire guba ko man fetur daga ruwa, ba ta aiki a ranar da ake ruwan sama ba ƙaƙƙautawa ko ƙura ta rufe rana, kuma roba mai launi ko wadda ta kakkarce na tare hasken. An fi son a sha kai tsaye daga robar, domin mazubi mai datti na maido da cutar. Wanda amai da gudawa suka riga suka kama kuwa, ruwan gishiri da sukari yake buƙata nan take, a kuma garzaya da shi asibiti.