Makunnin da Ƙwayar Ƙura Ke Iya Kashewa

Duk wanda ya tsaya a gadar Kwangila da safe zai ga fasinjoji, direbobi da 'yan kasuwa, kusan kowa da waya a kunne. Muryoyinsu na tafiya ne a kan igiyoyin rediyo, kuma a cikin kowace waya akwai ƙananan makunnai da ke zaɓa wa saƙo hanyar da zai bi zuwa eriya.

Yawancin wayoyi na amfani da makunnin taransisto, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Yana da sauri, amma yakan cinye wani ɓangare na saƙon, kuma ko an kashe shi saƙo kan ɗan zurara. Shi ya sa masana suka daɗe suna bincike a kan wani nau'in da ake kira RF MEMS, wato makunni mai motsi irin na bangon ɗakinku, sai dai tsawonsa bai wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba.

Kun taɓa goga biro a gashi ya ɗauki guntun takarda? To, irin wannan jan ne ke aiki a nan. Akwai siririn ƙarfe, galibi na zinari, da ke rataye a saman layin saƙo, da tazarar maikuromita biyu ko uku. Maikuromita ɗaya shi ne milimita da aka raba gida 1,000. Idan aka saki lantarki, ƙarfen zai lanƙwaso ya taɓa layin. Idan aka ɗauke, sai ya koma sama.

Kurt Petersen na kamfanin IBM a Amurka ya wallafa bincike a kan ƙananan makunnai na silikon a 1979. A 1991 Larry Larson da abokan aikinsa a ɗakin binciken Hughes suka nuna wanda aka ƙera musamman don igiyoyin rediyo. Kamfanin Analog Devices kuwa ya fito da nasa kasuwa a 2016.

Ƙera shi ya yi kama da gina gada. Ana shimfiɗa wani sinadari a kan faifan silikon, a zana siffar da haske, a ɗora zinari a kai, sannan a narkar da sinadarin na ƙasa, kamar yadda magina ke cire katako bayan siminti ya bushe. Ana yin aikin a ɗaki mai tsananin tsafta, domin ƙwayar ƙura guda irin ta hunturu ta isa ta toshe tazarar.

Me ya jawo jinkirin shigarsa kasuwa? Danshi kan sa ƙarfen ya manne ya ƙi tashi, bakinsa kan cinye saboda yawan taɓawa, kuma da yawansu na buƙatar bolt 20 zuwa 80, alhali batirin waya bolt 4 ne ko ƙasa da haka. Har yanzu ana neman hanyoyin rage waɗannan matsaloli.

Kafin a ƙera, a kwamfuta ake zana makunnin a gwada shi, kuma wannan aiki ne da ɗalibin injiniya zai iya koya a nan gida. Daga Kwangila mota ɗaya ce zuwa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ke koyar da injiniyancin lantarki da sadarwa. Mai sha'awa, mace ko namiji, sai ya riƙe Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Turanci da kyau, domin su zai rubuta a jarrabawar JAMB.