Mai Gashin Ƙashi da Ciwon da Ba Ya Fitowa a Hoto

Likita kan duba majinyaci cikin 'yan mintuna ya rubuta magani. Mai gashin ƙashi kuwa yakan shafe rabin awa ko fiye da mutum ɗaya, mako bayan mako, wani lokaci har watanni. Tsakanin "Baba, ɗaga hannun" da "sake takawa" ne mai shanyewar ɓarin jiki yake furta abin da ya ɓoye wa kowa: barci ya ƙaurace masa, ya zama kaya a wuyan iyalinsa, gara a ce ya huta. Bincike ya daɗe da nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku da suka sami shanyewar ɓarin jiki kan faɗa ciwon damuwa. Wannan ne tushen kiran da ake yi na a koya wa ɗaliban gashin ƙashi ilimin lafiyar ƙwaƙwalwa tun suna jami'a.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1977 wani likitan Amurka, George Engel, ya kawo hujjar cewa ba a fahimtar cuta sai an haɗa jiki da tunani da zamantakewa. Masu fama da daɗaɗɗen ciwon baya sun gaskata shi: wanda yake tsoron motsi kan daɗe bai warke ba, ko da hoton ƙashinsa bai nuna wata babbar illa ba. A 2011 ƙungiyar masu gashin ƙashi ta duniya ta amince da reshe na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

A Najeriya matsin ya fi ƙarfi. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ɗalibin da ya fito daga Jami'ar Maiduguri zai tarar da waɗanda bam ya raba da ƙafa. A asibitin ƙashi na Dala kuwa, akwai matasan da haɗarin babur ya kwantar. Ƙashinsu zai haɗe, amma firgicin na nan.

Amfanin horon a bayyane yake: wanda aka koya wa alamun damuwa ba zai ɗauki majinyacin da ya daina zuwa gashi a matsayin malalaci ba. Zai yi tambaya, ya tura shi inda ya dace. Sai dai a nan gizo ke saƙar. Ina za a tura shi? Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau, Barnawa da Kware sun yi wa yawancin ƙauyuka nisa, ga dangi da za su ce, "Ɗanmu ba mahaukaci ba ne." Akwai kuma haɗarin matashin ma'aikaci ya ɗauki kansa likitan ƙwaƙwalwa bayan darasin zango ɗaya.

A ganina, kai ɗalibai asibitin ƙwaƙwalwa na 'yan makonni bai wadatar ba. Can za su ga cuta mai tsanani, alhali wadda za su riƙa haɗuwa da ita kullum tana zaune ne a layin gashi, sanye da kaya masu tsabta, tana amsa gaisuwa da "lafiya lau". A ɗakin gashin ya kamata malamin ƙwaƙwalwa ya tsaya tare da su, ya nuna musu yadda ake tambayar dattijo halin zuciyarsa ba tare da an ci masa fuska ba, da kuma matakin da ake ɗauka nan take idan ya ambaci kashe kansa.