Ɗakin Mai Gadin Wuta a Kan Dutse

Mu da muka ga yadda wutar daji take cin gona da rumbu a lokacin hunturu, mun san cewa tun tana ƙarama ake kashe ta. Mutanen Amurka sun koyi wannan da hawaye. A watan Agusta na 1910, gobara ta cinye daji wajen eka miliyan 3, galibi a jihohin Aidaho da Montana, cikin kwana biyu. Mutum fiye da 80 suka mutu, yawancinsu masu kashe wuta. Bayan haka Hukumar Gandun Daji ta dukufa wajen gina ɗakunan tsaro a ƙwanƙolin duwatsu, har suka kai dubbai.

Irin da ya shahara a shekarun 1930 ana kiransa L-4. Tsawonsa ƙafa 14, faɗinsa ƙafa 14. A ƙasa ake yanka katakonsa, alfadarai su hau da shi. Bango huɗun duka tagogin gilashi ne, kuma gado da murhu da tebur ba su wuce gindin taga ba, domin ko mai gadi yana girki, idonsa yana kan daji. Murafun tagogin ana ɗaga su sama su zama rumfa, su tare hasken rana.

A tsakiyar ɗaki akwai na'urar Osborne, wato taswira a kan zagayayyen tebur, da zobe mai juyawa. In mai gadi ya hangi hayaƙi, sai ya saita shi, ya karanta lambar kusurwar, ya buga tarho. In wani ɗakin ma ya ba da tasa lambar, inda layukan biyu suka haɗu a taswira, nan wutar take.

Aikin yana da haɗari, gama tsawa takan faɗa wa wuri mai tsayi. Saboda haka aka ja wayar tagulla daga rufi zuwa ƙasa, aka kuma ajiye kujera mai ƙafafun gilashi da zai hau in hadari ya taso. Mata ma sun yi aikin: Hallie Daggett ta fara a Kalifoniya a 1913.

Yau jiragen sama da tauraron ɗan adam da kyamarori sun karɓi yawancin aikin, amma akwai ɗakunan da har yanzu ake gadi a cikinsu.

A Ezekiyel sura 33, laifi yana kan mai tsaron da ya ga haɗari ya yi shiru. Ɗalibai, in mun ga hayaƙi a bayan makaranta ko gonar maƙwabci, kada mu ce ba ruwanmu. Mu yi kururuwa tun da wuri.