Hasken Fitila da Zafin Adar

A kasuwannin Tawa da Keita da Buza, fitilar ƙwai ta yi ƙaranci, fitila mai cin hasken rana ta gaje ta. Ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikinta.

Ƙwan wannan fitila da allon da ke ɗibar hasken rana duka an yi su da sinadarai ƴan tsaka-tsaki: ba su sakar wa lantarki hanya kamar tagulla, ba su kuma toshe ta kamar roba. In wuta ta shiga, ƙwayar lantarki takan bar mazauninta, gurbi ya saura. Ƙwayar da gurbin sai su riƙa jan juna. Masana na kiran wannan haɗi ekziton. In ƙwayar ta koma gurbi, sai haske ya fito.

Amma ƙwayoyin zarra na sinadarin ba su zaune lafiya, kullum rawa suke, zafi kuwa yana ƙara musu rawa. Ita ake kira fonon. Rawar takan bugi ekziton, ta ƙwace ƙarfinsa, haske ya dushe, launinsa ya karkata wajen ja.

A 2004, a jami'ar Manchesta ta Ingila, Geim da Novoselov sun ɓantalo falle mai kaurin zarra ɗaya daga bakin fensir. A 2010, masana a Amurka suka gano cewa sinadarin molibdenom da farar wuta, in an mai da shi falle ɗaya, yana ba da haske fiye da dunƙulensa nesa ba kusa ba. Kaurin fallen bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba. A cikinsa ekziton na da riƙo ƙwarai, yana jure ɗumin ɗaki.

Me ya shafe mu? A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa kan wuce digiri 40. Allon rana na silikon yana asarar kusan kashi 0,4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri sama da 25. Wannan doka ta hau tashar Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta hau ƙaramin allon ɗakin shan magani na ƙauye.

Bincike a kan waɗannan fallaye yana ci gaba. Kafin amfaninsa ya iso gare mu, shawara ga shugabannin ma'aikatu da magidanta ita ce: a tambayi juriyar kaya ga zafi kafin a saya, a ɗaga allo daga jikin kwano iska ta ratsa ƙarƙashinsa, a kuma riƙa share ƙura.