Hawan Dutsen Ƙanƙara: Riga Ta Sayu A Gwanjo, Igiya Ba Ta Sayuwa

A hutun da ya wuce wani ɗan yayata da ke karatu a Turkiyya ya shigo gidana a unguwar Kambarawa ta Katsina bayan la'asar, rungume da buhu. Ya zazzage shi a tsakar gida yana ta fara'a: rigunan sanyi biyu, wandon jins, safar ulu, takalmi kambas, sai wata shuɗiyar igiya a naɗe, da ɗamarar nan mai madaurai da ake zura ƙafafu a ciki. Duk daga wajen 'yan gwanjo, a ranar ma aka fasa dilar. Ya ce, "Kawu, in na koma ƙungiyar ɗalibai za ta kai mu hawan dutsen Erjiyes. Can kayan nan wuta suke, nan kuwa har igiya na samu kamar kyauta."

Ni ba gwanin hawa ba ne, amma na yi zaman ƙasar sanyi, na kuma ga yadda masu hawa ke tattalin kayansu. A cikin buhun nan kaf, abu biyu na yarda ya tafi da su. Abin da na faɗa masa a daren shi zan maimaita a nan, don ba shi kaɗai ba ne. Erjiyes ɗin, da ke kusa da birnin Kaisari, tsayinsa mita 3,917. Yaranmu da ke Maroko suna jin labarin Tubkal mai mita 4,167. Masu hali suna ganin hotunan Kilimanjaro a Facebook su fara lissafin kuɗin zuwa Tanzaniya. Akwai kuma waɗanda ba nishaɗi ya kai su ba, matasan Afirka ta Yamma da ke ƙetare tsaunukan Alf da ƙafa cikin dare, daga Italiya zuwa garin Biriyanson na Faransa. A 2018 an tsinci gawarwakin wasunsu bayan ƙanƙara ta narke.

Kuskuren farko shi ne auna sanyin dutse da mudun hunturu. Katsina mita 500 ce da 'yan kai a saman teku, kuma ko a tsakiyar Janairu, lokacin da ake kewaye wuta da asuba, da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10. Sanyin namu ma busasshe ne, ɗari. A dutse kuwa, duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Ƙolin Kilimanjaro mita 5,895 ne, da tsakar dare ake tasar masa, kuma ruwan gorarka na iya daskarewa kafin ka isa. Duk da haka ba tsananin sanyin kaɗai ke kisa ba. Jiƙa ce da iska.

A nan ne auduga ke cin amanarmu, mu da muka tashi a ƙasar da auduga ta gina gidaje daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Singileti auduga ne, shadda auduga ce, jins ma haka. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi. A zafin Afrilu wannan rahama ce, don haka randar ƙasa take sanyaya ruwa: ta jiƙe ta waje, iska ta bi ta kanta ta kwashe zafin. To a kan dutse kai ne randar. Ka hau ka yi gumi, ka tsaya hutawa, iska ta buso, jiƙaƙƙiyar rigar ta shiga zuƙe ɗumin jikinka. Da zarar zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum zai fara karkarwa, magana ta sarƙe, hannu ya kasa jan zif, tunani ya rikice. Wani ma a ƙarshe tuɓe kayan yake yi, yana jin kamar zafi ne ya dame shi.

Ranar 22 ga Mayu, 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka fita tseren kilomita 100 a kan tuddai, yawancinsu da gajeren wando da 'yar riga. Da rana tsaka yanayi ya juya, ruwa da ƙanƙara da iska suka sauko. Mutum 21 suka mutu, cikinsu har da zakarun gudun ƙasar. Tudun da abin ya faru bai kai tsayin Cappal Waddi namu na jihar Taraba ba, mai mita 2,419. Mai shirin zuwa yankin Mambila da damina ya riƙe wannan.

Maganin ba riga ɗaya mai kauri ba ce, riguna uku ne marasa nauyi a kan juna. Ta jikin fata ta zama ulu ko irin yadin rigar 'yan ƙwallo, wanda ba ya riƙe gumi. Ta tsakiya suwaita mai gashi-gashi da ke tara ɗumi. Ta waje mai hula, wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. In ka ji zafi ka rage ɗaya tun kafin gumi ya keto, in ka tsaya ka mayar. Waɗannan duka suna sayuwa a gwanjo, a Babbar Kasuwar Katsina ko Ƙofar Wambai ta Kano, kuma wallahi wani lokacin na gwanjon ya fi sabon kanti inganci. Ka dai duba 'yar takardar da ke jikin ɗinkin ka ga da me aka saƙa, ka zuba wa ta wajen ruwa ka ga ko zai gangare ko zai shige. Rigar da aka cusa wa gashin agwagwa ta fi kowace ɗumi, amma in ta jiƙe ta tashi aiki. Ɗan yayata ya tsira da riga ɗaya da safar ulu. Jins da kambas suka koma buhu.

Takalmi yana da tarihinsa. A 1935 abokan hawan wani Ba'italiye mai suna Vitale Bramani su shida suka mutu a tsaunukan Alf, ya ɗora laifin a kan takalman da ke ƙafarsu. Shekara biyu bayan haka ya fito da tafin roba mai zurfin zane, wanda har yau ake sayarwa da sunan Vibram. Takalmin dutse ya rufe idon sawu, tafinsa ya yi tauri, ruwa kada ya shiga. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka sa a can, ka tabbata yatsu ba sa dukan gaba, don a gangare ne farce ke fita. In ya matse, jini ba zai zagaya ba, kuma yatsan da jini bai isa ba shi sanyi ke fara ci. Ka yi makonni kana yawo da shi kafin tafiya. Na gwanjo sai an yi hattara: soson da ke tsakanin tafi da fata yana ruɓewa don daɗewa ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Lanƙwasa shi, danna da babban yatsa. In ya yi gari ko ya tsage, ajiye musu kayansu.

Tunda ana maganar takalmi, bari in ɗan ratse. Kowace shekara alhazanmu, har da tsofaffi, suna hawa dutsen da Kogon Hira yake da silifas, wani da tsakar rana, ba ko gorar ruwa. Malamai sun sha faɗa cewa hawan nan ba ya cikin aikin Hajji. Wanda ya ga lallai sai ya hau, ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya tafi da sanyin safiya.

Ƙarfen haƙoran da ake ɗaura wa takalmi don taka ƙanƙara, wato kiramfon, da ɗan gatarin nan mai kama da diga, ba zan daɗe a kansu ba. Kiramfon sai da takalmi mai taurin tafi, a kan mai laushi suɓucewa yake yi a inda ba a so. Gatarin kuwa aikinsa tsayar da kai in ka zame, kuma wanda bai koyi wannan a hannun malami ba ya ɗauko abin da zai soke shi ne kawai. Hanyoyin da aka saba bi a Kilimanjaro, irin Marangu da Macame, galibi ba sa buƙatarsu. Tubkal da sanyi yana buƙata. A gindin irin waɗannan duwatsu ana ba da hayarsu, a gwada maka daidai ƙafarka.

Sai igiya, wadda a kanta muka fi daɗewa da yaron.

Igiyar hawa ba igiyar guga ba ce, ba kuma ta ɗaure kaya a akori-kura ba. Tun 1953, da kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da samfurin, ana yin ta hawa biyu: zaren nailan a ciki mai ɗaukar nauyi, da saƙaƙƙiyar riga a waje mai kare shi. An yi ta ne ta miƙe in mutum ya faɗo, ta shanye fizgar, don kada ƙugunsa ya shanye. Ƙungiyar masu hawa ta duniya, UIAA, wadda aka kafa a 1932, tana gwada ta da ƙarfe mai kilo 80 da ake sakowa daga sama, kuma sai ta jure aƙalla sau 5 a jere ba ta tsinke ba. Akwai wata igiyar, kamar an tsaga kara, wadda ba ta miƙewa sosai, ta masu sauka rami ce da masu aiki a jikin dogon gini. Wanda ya faɗo daga sama a kanta, ko ba ta tsinke ba, fizgar na iya illata masa baya. Ana bambance su da lambar da ke manne a bakin igiyar: EN 892 ta hawa ce, EN 1891 ta aiki. A igiyar ɗan yayata babu ko ɗaya, an yanke bakin.

Ko da lambar na nan, ban yarda ba. Nailan yana mutuwa ba tare da ya nuna ba. Rana tana cinsa, shekaru suna cinsa, kuma babban makashinsa ruwan batir ne. Ɗigo kaɗan a but ɗin mota ko kusa da batirin sola ya isa ya ƙone zaren ciki, rigar waje tana nan fes. Kamfanonin da ke yin kayan da kansu suna cewa ko a leda aka ajiye, kada a wuce shekara 10. Sai na tambayi yaron, "Kai a ganinka, me ya sa mai igiyar nan ya jefa ta cikin kayan sadaka?" Ya yi shiru. Riga ana rabuwa da ita don an gaji da launinta. Igiya da ɗamara kuwa, mai su ya fi rabuwa da su ne ranar da ya daina amince musu da ransa.

A watan Oktoba na 2006, Todd Skinner, ɗaya daga cikin fitattun masu hawa na Amurka, yana saukowa daga wani dutse a Yosemite, madaurin gaban ɗamararsa ya tsinke, ya faɗo ya mutu. Madaurin ya riga ya cinye don yawan aiki. Wannan mutum ne da ya san tarihin ɗamararsa tun daga kanti. Kai da ka tsinci taka a dila, me ka sani a kanta?

Haka ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa, karabina. Irin wadda ake rataya makulli da ita ta cika kasuwa, kuma a ido ɗaya suke. Ta gaskiya an buga mata lambobi a jiki tare da haruffan kN, na tsawonta ba ya gaza 20 a yawancinsu, wato nauyin wajen tan 2. Hular kwanon babur ba ta hawa ba ce. Wannan magana ta shafi masu hawa ƙarfen sabis da masu ɗora sola da masu yasar rijiya a nan cikin gari: duk abin da ranka zai rataya a kai, ka saye shi sabo daga inda aka san asalinsa, ko ka karɓa a hannun ƙungiyar da ke rubuta shekarun kayanta.

Akwai kuma abin da kaya ba sa magani. Daga mita 2,500 iska take fara yi wa jiki kaɗan, a ƙolin Kilimanjaro abin da huhu ke samu wajen rabin na bakin teku ne. Ciwon kai da amai da rashin barci su ne gargaɗi. In tangaɗi ya shigo, ko tari mai kumfa, ko sambatu, sauka kawai, ko da tsakar dare ne. Ƙarfi da ƙuruciya ba sa hana shi, hawa a hankali ke rage shi, shi ya sa tafiyar kwana 7 ko 8 ta fi ta kwana 5 aminci ko da ta fi tsada. Mai sikila kada ya kusanci irin wannan tsayi. Mai AS ma, da yake ganin lafiyarsa ƙalau, saifarsa na iya samun matsala a can, don haka ya ga likita tukuna.

Tabarau na gayu ba ya kare ido daga hasken da ƙanƙara ke maidowa, a nemi mai lamba 4 mai rufin gefe. Kada a kunna risho ko gawayi a cikin rufaffen tanti, hayaƙin da ba a gani ɗin nan da ke kashe mutane a ɗaki da hunturu shi ne dai a can. Yatsan da ya yi fari ya ƙandare, ba a murza shi, ba a kara shi a wuta, ruwa mai ɗumin jiki ake sa shi a ciki, sai kuma asibiti. Kafin ka tashi, ka zauna da malaminka kan hukuncin taimama da shafa a kan huffi, don jiƙa hannu da ƙafa a cikin iskar ƙanƙara ba ƙaramin haɗari ba ne.

Iyaye, in yaro ya bugo waya yana neman kuɗin hayar kayan hawa, ku tambaye shi wa zai jagorance su, kwana nawa za su yi, igiyar wa za su yi amfani da ita. In amsar ta gamsar, ku tura masa kuɗin cif, kada ku rage. In ba ta gamsar ba, ku ce ya zauna. Ɗan yayata ya koma da rigarsa da safarsa da kuɗin haya. Ɗamarar na sa almakashi na datse ta don kada wani ya tsinta a bola, shuɗiyar igiyar kuma tana nan a tsakar gidana, ana shanya a kanta.