Idan Aka Sauya Wa Bindiga Bututu, Ita Ce Ko Wata Ce?

Kwanakin baya ina zaune wajen wani mai gyaran waya a kasuwar Sabon Gari, sai wani dattijon mafarauci mazaunin Fagge, wanda muka daɗe da sabawa, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne jikansa ya turo masa: wani Bature ya kwance noti biyu, ya zare bututun bindigarsa, ya zura wani, ya ɗaure, duk cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Dattijon ya ce, "Malam, ku da kuka karanci harshe, wannan bindiga ɗaya ce ko biyu?" Dariya na yi a lokacin. Da na koma gida na ga tambayar ta wuce abin dariya.

Irin bindigar da ke cikin bidiyon ita ce nake kira mai sakata, domin bayan kowane harbi sai mai ita ya ja wani ƙarfe baya ya fitar da kwanson harsashi, ya tura shi gaba ya shigar da sabo, tamkar sakatar ƙofa. A al'ada bututunta a ɗaure yake tamau, sai maƙeri da kayan aikinsa ke iya raba su. Kamfanonin Jamus na cikin waɗanda suka yaɗa sabon salon: Blaser ya fito da R93 a 1993, sannan R8 a 2008, Mauser kuma ya fito da M03 a 2003. Dalilin a fili yake. Mafaraucin Turai yau barewa yake nema, gobe aladen daji, wata rana ya zo Afirka neman ɓauna, kuma kowacce dabba da girman harsashin da ya dace da ita. Maimakon bindigogi uku, sai ya riƙe ƙota ɗaya da bututu uku. Soja ma sun bi sahu, domin a 2019 rundunar musamman ta Amurka ta zaɓi Barrett MRAD, wadda ake sauya wa bututu don harsasai iri uku.

To ina ruwan mai nazarin harshe? Kalmominmu na wannan fanni yawancinsu aro ne daga Larabci, sun shigo ta hanyoyin Sahara da Borno, irin waɗanda fataken da ke sauka a zangon Fagge suka riƙa bi. Bindiga daga "bunduƙiyya" take, harsashi daga "rasas", wato dalma, albarushi kuma daga "albarud". Bahaushe ya ƙara da nasa, ya ce kunama, ya ce adaka, ya ce mai jigida. (Wanda ya fara kiran abin ɗanawa kunama, ai ya cancanci digiri.) Amma duk waɗannan sunaye an raɗa su ne a zamanin da bindiga take abu guda, ba tarin sassan da ake musanyawa kamar tayar mota ba.

Ga inda gizo ke saƙa. A cikin bututun bindigar zamani akwai zane mai murɗewa da ke sa harsashi juyawa, kuma zanen yakan bar tabo a jikin harsashin, tabon da masu binciken laifi ke bi su gano bindigar da ta harba shi. Idan an sauya bututu, shaida ta sauya. Shi ya sa dokar Jamus ta ɗauki bututu a matsayin muhimmin sashe da ke buƙatar izini. A Amurka kuwa gangar jikin da ke ɗauke da lamba ita ce bindiga a idon dokar tarayya, bututu ƙarfe ne kawai. Dokarmu ta makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, izinin wasu a hannun shugaban ƙasa, wasu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. An rubuta ta shekaru 34 kafin R93, kuma a ganina lokaci ya yi da majalisa za ta fayyace matsayin bututu ƙarara, a kuma fassara dokar da Hausar da mafarauci zai gane.

Wani zai ce wannan damuwar masu kuɗi ce, tun da irin waɗannan bindigogi ba su kai ga hannun mafarautanmu ba. Gaskiya ne. Sai dai mun riga mun ga abin da kuɗin goro a kan kalmar "bindiga" ke jawowa. A ƙarshen Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an kashe mafarauta 16 da ke hanyar dawowa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin adaka a motar da suka hau. Ko da wane irin makami aka gani, babu hujjar ɗaukar doka a hannu.

Da na sake haɗuwa da dattijon a Fagge bayan sallar Juma'a, na gaya masa amsar ta danganta ga ƙasar da yake tsaye. Sai ya ce adakar da ya gada wajen mahaifinsa sau biyu ana sauya mata bututu, sau ɗaya ƙota, kuma har yau a gidansu "bindigar Baba" ake ce mata.